Tambayar da Ba a Yi wa Kwamfaila Ba

Na fara da sunan Allah, wanda ya fitar da ni daga Zariya lafiya, ya mayar da ni lafiya, ko da yake ba da zuciyar da na fita na koma ba. Abin da zan faɗa a Tamale ya faru, a arewacin Ghana. Ban taɓa samun wanda ya saurare shi har ƙarshe ba, domin da zarar na ambaci kwamfaila sai mutum ya fara duba wayarsa. Shi ya sa na ga gara in rubuta, mai haƙuri ya karanta.

Sunana Sunusi. Abu biyu na iya a duniya: rubutun Ajami, wanda na koya a gaban kakana, da rubuta manhajar kwamfuta, wanda na koya daga baya don in ci abinci. Ban taɓa zaton za su haɗu a aiki ɗaya ba, sai da wani mutum mai suna Mista Razak ya nemo ni ta intanet. Ya ce ya samu kwangilar saka kwamfutoci a shagunan maganin dabbobi da ke bayan garin Tamale, inda makiyaya ke sayayya. Makiyayi zai taɓa allo, ya zaɓi ciwon da ke damun saniyarsa, manhaja ta gaya masa maganin, da yawan da zai ba ta, da tsawon lokacin da zai jira kafin ya sake sayar da nononta. Mutanen ba su yi boko ba, amma da yawansu suna karanta Ajami, kuma Hausa ce yaren cinikinsu. Ya ce ɗaki na jirana a unguwar Dabokpa, da fanka da famfo.

Na sauka a tasha da hantsi, ƙafafuna a kumbure, jakar kwamfutata rungume a ƙirji. Razak bai zo ba, wayarsa kuma tana ta ƙara ba a ɗauka. Na shiga keke mai ƙafa uku, wanda suke kira yelo-yelo, na ba direban sunan unguwar da ofishin yake, Sakasaka. Ya yi ta yawo da ni. Da na ce masa ai ɗazu mun wuce wannan masallacin, sai ya ce masallatan Tamale duk kamarsu ɗaya, ni baƙo ba zan gane ba. Daga baya na san da ƙafa ma ana zuwa.

Ofishin shago ne mai ƙofar ƙarfe, da tebur biyu da kwamfuta ɗaya sabuwa fil. Razak ya iso bayan la'asar, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, ya rungume ni kamar mun yi shekaru da sanin juna. Ɗakin Dabokpa, in ji shi, ana yi masa fenti. Kafin ya bushe, sai in ɗan lallaɓa a siton da ke bayan shagon. Na kwana tsakanin kwalaye, kaina a kan jakata. Fentin nan har na bar Ghana bai bushe ba.

Kwanakin farko sun yi mini nauyi. Hausa nake ji ko'ina, a kasuwa, a bakin masallaci, amma kamar rigata ce a jikin wani: na gane ta, sai dai ba haka nake saka ta ba. Su ma in na yi magana sai su yi murmushi, su ce Hausar rediyo ta zo. Da safe a ce mini “Dasiba,” in rasa amsa, sai da wata mai koko ta koya mini cewa “Naa” kawai ake cewa, a ja shi kaɗan. In na kira mahaifiyata takan tambaye ni ko ina cin abinci, in ce ƙwarai, alhali burodi da ruwan leda ne.

Sai da muka je unguwar Aboabo na san ainihin abin da aka kawo ni yi. Akwai wani dattijon malami a can, Afa Seidu. Afa shi ne malam a bakin mutanen garin. Makiyayan bayan gari ba sa jin maganar kowa a cikin Tamale sai tasa. Razak ya daɗe yana zarya a gidansa yana roƙon ya sa baki, Afa yana ba shi ruwa yana sallamarsa. Ni ne abin da Razak ya kawo don ƙofar ta buɗe.

Mun same shi a zaure, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Razak ya yi ta bayani, Afa bai dube shi ba. Da ya gama, sai Afa ya jawo takarda da tawada da alƙalamin kara, ya tura gabana. Ya ce in rubuta masa abin da na ci da safe. Na gyara zama yadda kakana ya koya mini, na ɗora takardar a gwiwa, na rubuta cewa koko na sha, ba ƙosai, don mai ƙosai ba ta fito ba. Ya ɗaga takardar zuwa haske, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. Ya tambaye ni wa ya riƙe mini hannu. Na faɗi sunan kakana, da sunan wanda ya koya masa. Ya yi musu addu'a su biyun. Sannan ya tambayi inda nake kwana, kuma Razak ya fara maganar fenti.

Ranar na kwaso jakata na dawo Aboabo. Afa ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure. Matarsa, Mma Azara, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Wannan yaro bai ci abinci a Ghana ba.” Daga ranar ba ta ƙara barin kwanona ya ga ƙasansa ba. Tuwo da miyar ayoyo, wake da shinkafa da yaji mai sa hawaye. In na ce na ƙoshi takan ce ƙoshin Nijeriya ne, ba ya aiki a nan.

A gidan ne na fara ganin ƙwaryar. Kowace safiya, bayan an dawo daga masallaci, wata Bafulatana mai suna Inna Dija takan tsaya a ƙofar gida kafin ta wuce kasuwa da nononta. Takan sauke ƙaramar ƙwarya a kan dakalin ƙofa, ta rufe da faifai, ta ɗauki ta jiya wadda Mma ta wanke, su gaisa, ta wuce. Ba sayarwa ba ne, ba kuma sadaka ba. Mijinta, Jauro Hamadu, shi ne shugaban makiyayan wannan yanki. Mma ta ba ni labari cewa shekarun baya an yi rikici tsakanin makiyaya da manoma, mahaifin Jauro ya rasu a tsakiyar tashin hankalin, mutanen gari suka ji tsoron fita. Afa ya hau kekensa shi kaɗai ya je ruga, ya yi wa mamacin wanka, ya sallace shi. Tun daga lokacin nonon bai taɓa yankewa ba, ko da rani, lokacin da shanu ba sa ba da abin kirki. Da shi Afa ke karya kumallo, kuma da na zo sai aka riƙa raba shi biyu.

A nan dole in tsaya in yi bayanin sana'ata kaɗan, domin duk abin da ya biyo baya a kanta yake. Abin da muke rubutawa, mu masu manhaja, na'ura ba ta gane shi kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakani, kwamfaila, ita ke karɓar rubutunmu ta juya shi zuwa abin da na'ura ke aiki da shi. A cikin kowace manhaja kuma akwai kalmomin da ba sa canzawa, waɗanda aka kafa tun wurin rubutu, kamar sunan magani ko gargaɗin kada a sha nono. Kwamfaila tana da mazubinta na gado da take zuba irin waɗannan kalmomi, kilas muke ce masa. Na gadon bai dace da yadda na tsara Ajaminmu ba, da wasullansa da haruffan da Hausa ta ƙara, don haka na ƙera namu mazubin. Sai dai ba kowace kwamfaila ke yarda ta bar nata ta zuba a na wani ba. Wata takan yarda. Wata takan ƙi a fili, ta tsayar da aiki, wannan da sauƙi. Mai cutarwa ita ce wadda za ta yi ɗan gunaguni a layi ɗaya cikin dubban layuka, ta wuce, ta zuba a nata, manhajarka kuma ta zo tana ɗiba kamar daga naka.

Saboda haka kafin a gina komai akan yi gwaji. Akan ba kwamfaila 'yar manhaja mai kalma ɗaya tak, a kunna, a ga ko kalmar ta fito daga mazubinmu. Layi ɗaya ke bayyana a allo, tambaya da amsarta: shin wannan kwamfaila tana karɓar mazubin da ba nata ba? E, ko a'a. In a'a ce akwai wata hanya, doguwa, ta harhaɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya a lokacin da manhaja ke tashi, amma aikin makonni ne. Don kada a riƙa maimaita gwajin kullum, tsarin yakan ajiye amsar a wani fayil. Ladabin sana'a shi ne, in za ka kai aikinka wata na'ura, ka goge wannan fayil, a yi wa sabuwar tata tambayar.

Na yi wa kwamfutar ofis tambayar, ta ce e. Razak ya tabbatar mini cewa waɗanda za a saka a shagunan 'yan'uwanta ne, suna hanya daga Kumasi. Na ce to, amma in sun iso sai na tambaye su ɗaya bayan ɗaya.

Da na yi wa Afa wannan bayani wata rana muna zaune, ban kai rabi ba ya ɗaga hannu. Ya ce ai muƙabala ce. In ɗalibi ya kwafi littafi, ba a cewa ya gama sai an zauna, ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin kwafin da yatsa. Kuma in an yi kwafi uku, sau uku ake zama, ba a cewa na farko ya yi daidai don haka sauran ma. Kakana ma haka yake yi. Na ji kamar a gida nake.

Mun yi aiki mai daɗi, ni da shi. Wani likitan dabbobi ya ba mu bayanin magunguna, Afa ya mayar da shi Hausar da makiyayi zai gane, ya rubuta da hannunsa, ni kuma ina shigarwa. Yakan yi gardama da ni a kan kalma ɗaya har a kira sallah. Da ya ga rubutun ya fito a allon ofis, daga dama zuwa hagu, kowane wasali a mazauninsa, sai ya cire tabaransa ya goge, ya ce mu je ruga.

Jauro Hamadu dogo ne, mai magana a hankali. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar kaɗanya, ya saurara. Sannan ya ce an taɓa zuwa musu da irin wannan akwati, aka ce don rigakafi ne, aka ƙirga shanunsu. Rigakafi bai zo ba, amma waɗanda suka zo daga baya sun san yawan shanun kowa. Ya ce ba shi da abin da zai gaya wa mutanensa.

Afa ya ce, “Jauro, kalmomin da ke cikin wannan, ni na rubuta su da hannuna. In ka karanta shi, ni ka karanta.”

Jauro ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya koma kan Afa. Ya ce, “In kai ne, za mu zo.”

Aka sa rana, ranar kasuwar shanu. Jauro ya ce zai aika har rugagen da ke nesa.

Muna can ne Razak ya shiga ofis da filas, 'yar na'urar nan ta kwafar fayil, ya kwashe aikina gaba ɗaya daga kwamfutar, ya ba direban bas ya kai wa mutumin Kumasi da zai kawo na'urorin. Da na dawo ya tare ni da murna, ya ce ya rage mana wahala: a can za a gina manhajar a kan na'urorin, a rufe su a kwali, su zo a shirye. Na tambaye shi ko ya goge fayil ɗin amsoshi. Ya ce bai goge komai ba, shi ba ya wasa da aikin mutane.

Na matsa har aka turo mini rahoton ginin daga Kumasi. Na bi shi layi-layi har na iso inda nake nema. Amsar e ce. Amma a gefenta akwai 'yar kalmar nan da ke nuna cewa ba a yi gwajin ba, daga ajiya aka ɗauko amsar. E ɗin kwamfutar ofis ce ta hau bas ta je Kumasi, ta dawo mini a matsayin ta wasu.

Na nuna wa Razak. Ya leƙa allon, ya dafa kafaɗata, ya kira ni “Masa,” wato maigida a bakin 'yan Ghana.

“Masa, e ai e ce. Ka cika tsoro.”

Na roƙi a goge fayil ɗin a sake gini. Ya ce an riga an rufe kwalaye. Na roƙi ya bar ni in je Kumasi. Ya ce mutumin ba ya son a shiga masa sito. Na ce to a ɗauko mini hoton allon. Hoton ya zo, ga bismillah da hannun Afa, kyakkyawa. Amma wannan shafin farko ne, kuma hoto ne na ɗauka daga takardarsa na manna, ba ya bi ta mazubin kowa. Na karɓi lambar mutumin Kumasi na kira shi da kaina, na tambaye shi ko ya shiga ciki ya ga sauran rubutun. Ya ce ya shiga, Larabcin ya fito fes. Na tambaye shi ko yana karanta Larabci. Ya yi dariya, ya ce shi ɗan coci ne, amma ai ya san kamarsa.

Bayan la'asar na zauna gaban Afa na gaya masa komai. Ya saurara yana jan carbi.

“Wa aka tambaya?”

“Ta ofis, Afa.”

“Waɗanda za su zo fa?”

“Ba a tambaye su ba.”

Na ce a ɗaga ranar. Ya ce saƙo ya riga ya tafi da ƙafa, ya shiga daji, wasu ma sun fara neman wanda zai tsare musu shanu. Amma ya aika aka kira Razak. A zauren nan, a gabana, Razak ya rantse da Allah cewa na'urorin da ke zuwa irin ta ofis ce sak, kamfani ɗaya, kwali ɗaya. In haka ne, amsar aro ma za ta yi daidai. Da ya fita, Afa ya ce mini, “Mutum ya rantse da Allah. Me ya rage mini?”

Ranar kasuwa mutane suka cika gaban shagon maganin, da sandunansu da malafunansu, wasu tun asuba suke tafiya. An jera kujeru a gaba don manyan da suka ba da kwangilar. Na'urorin ba su iso ba sai da rana ta take, a bayan babur mai ɗaukar kaya. Da aka yanke kwalin farko na ga abin da ke ciki, sai na san ba irin ta ofis ba ce. Tsohuwa ce, gefenta a goge, da ragowar takardar wani ofishi manne a bayanta. An dai wanke ta da kyau. Na ja Razak gefe na ce ya ba ni ko da ɗan lokaci in duba. Ya ce manya sun gaji da zama, ya zare hannunsa.

Aka kunna. Bismillah ta fito, mutane suka yi ta gyaɗa kai, wasu suka gane hannun Afa suka faɗa wa na kusa da su. Razak ya yi jawabi, sannan ya kira Jauro ya zo ya fara taɓawa.

Jauro ya miƙa sandarsa ga wani, ya goge yatsansa a riga, ya taɓa hoton saniya. Rubutu ya cika allon. Haruffan Larabci ne, ba shakka, amma a warwatse, wannan bai san wancan ba, wasulla na yawo su kaɗai, nan da can ƙananan akwatuna babu komai ciki. Razak ya fara tafi, manyan da ke kan kujeru suka taya shi. Su a wurinsu Larabci ya fito.

Jauro ya sa yatsa daga dama yana bi, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshen layi, ya dawo farko. Ya sake bi. Tafin ya mutu da kansa. Sai ya juya.

“Afa, zo ka karanta mini hannunka.”

Afa ya tashi. Ban taɓa lura da tsufansa ba sai a wannan 'yar tafiya daga kujera zuwa tebur. Ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya daɗe.

“Ba na iya karantawa, Jauro.”

Jauro ya karɓi sandarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da wani daga cikin mutanensa ne ya zo shi kaɗai ya ga wannan, da ya ɗauka karatunsa ne ya gaza, ya ji kunyar tambaya, ya je ya ɗura wa saniya abin da ya ga dama. Daga nan ya yi wa manya sallama yadda ya kamata, ya yi wa Afa, ya tafi. Sauran suka bi shi, kowa sai ya zo ya gaida Afa kafin ya juya. Da sun yi zagi da ya fi mini sauƙi.

Washegari Mma Azara ta share dakali, ta ajiye wankakkiyar ƙwaryar jiya da faifanta. Muka dawo daga masallaci, muka zauna. Rana ta fito, ta hau. Masu nono suka wuce ta bakin layi, ban da Inna Dija. Mma ta aika aka sayo koko. Afa ya sha nasa, ya yi hamdala.

Razak ya tafi Accra a ranar, wai zai gyara magana da manya. Wayarsa ta koma yadda na same ta ranar da na sauka. Ƙofar ƙarfen Sakasaka ta samu sabon kwaɗo. Mai shagon maganin, wanda aka bar wa na'urorin a kusurwa, ya ce in ɗauki ɗaya in na ga za ta yi mini amfani, shi dai ta tare masa wuri.

Na kawo ta zauren Afa. Na goge fayil ɗin, na yi mata tambayarta. Afa ya tashi yin alwala, kafin ya wanke ƙafa ta biyu amsa ta fito. A'a. Abin da aka hana ni ke nan, abin da bai kai tsawon alwala ba.

Da na so, da na kama hanyar gida a lokacin. Mahaifiyata ma ta ce in dawo. Amma na zauna na bi doguwar hanyar, kalma bayan kalma. Wuta na ɗaukewa, ina jira, tana dawowa, ina ci gaba. Mma na ciyar da ni kamar ba abin da ya faru, sai dai ta daina tsokanata. Da na gama, muka yi muƙabala ni da Afa: shi yana karantawa daga takardunsa, ni ina bin allo da yatsa, tun daga ciwon baki da kofato har gargaɗin ƙarshe. Sannan na koma shagon na yi wa sauran na'urorin tambayarsu, kowace ta ce a'a, kowace na gina mata nata, kowace muka zauna muka karanta.

Na ce wa Afa mu koma ruga. Ya ce shi ba zai kai magana ɗaya sau biyu ba, in je ni kaɗai.

Na hau babur da na'urar a cinya da batir a jaka. Jauro ya karɓe ni da mutunci, a inuwar kaɗanyar nan. Na kunna, ya taɓa hoton saniya, ya bi rubutun da yatsa, ya karanta a bayyane har ƙarshe ba tuntuɓe. Ya taɓa wani ciwon, ya karanta. Ya ce, “Yanzu ya karantu.”

Na yi masa bayani iyakar iyawata, na ce Afa bai ɓata komai ba, an rantse masa ne, kuma abin da ya rubuta daidai ne tun farko. Ya bar ni na gama.

“Na sani ba shi ya ɓata ba,” in ji shi. “Amma ni ban san Razak ba, kai ma ban san ka ba. Shi na sani. Da sunansa na tara mutane, suka bar shanunsu a daji. Kwanan nan na kira su a kan maganar mashayar shanu, rabinsu ba su zo ba. Sun ce ko kiran akwati ne kuma.”

Sai a lokacin na gane ba Afa kaɗai aka yi wa asara ba.

Inna Dija ta kawo mini nono a ƙaramar ƙwarya, irin waccan. Na riƙe ta ban sha ba. Na tambaya ko zan iya tafiya da shi gari, akwai wanda zan kai wa. Ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi shanunsa.

Ta ce, “Sha naka, baƙo.”

Na sha. Ban taɓa shan abu mai daɗi da wuyar haɗiya irinsa ba.

Ranar da zan tafi, Afa ya rako ni har bakin layi, abin da ba ya yi wa kowa. Na ce masa abin da ke cina: watanni Razak yana zarya bai samu komai ba, sai da na zo na rubuta masa labarin koko. Da ban iya riƙe alƙalami ba, da har yau nononsa na zuwa. Ya ce hannuna ya gani ya yarda, kuma hannun bai yi masa ƙarya ba, sauran kuwa Allah ya riga ya rubuta. Ya zaro alƙalamin karan nan daga aljihu ya sa a nawa, ya ce in gaida kabarin kakana. Mma ta cusa mini ƙullin wagashi, cukun da suke soyawa, ta ce kada in ba kowa a mota. Daga baya na tuna cewa saya ta yi, a gidan da ba a taɓa sayen abin da ya fito daga nono ba.

Ina Zariya yanzu, ina aikina. Na'urorin, an ce mini, suna nan a shagon, wani lokaci wani makiyayi yakan taɓa in ba kowa a kusa. Duk sanda zan kai aiki wata na'ura nakan goge fayil ɗin da hannuna, in zauna in jira layin ya fito, ko da na san amsar. Abokan aikina suna yi mini dariya a kan haka, ina barinsu.

Afa ba ya son waya, don haka Mma nake kira, ranar Juma'a ko da sallah. Takan tambaye ni ko ina cin abinci, in tambayi jikin Afa, da zafi, da wuta. Mukan zagaya ko'ina kafin in iso inda ta san zan iso. Juma'ar da ta wuce ma na tambaya ko Inna Dija ta biyo.

Ta ce, da Hausarta ta Aboabo mai mayar da mace namiji, “Bai zo ba tukuna. Amma na share dakalin.”

Allah ya sa ta biyo Afa yana da rai.